Tarihin Liftar Sararin Samaniya: Igiya Mai Tsawon Kilomita 36,000 Da Darasin Da Daura Ta Riga Ta Sani

 Waɗanda data ba ta bari sun saurari murya ba, ga shi an rubuta muku kamar yadda aka saba. A gyara zama, don tafiyar yau da ɗan nisa.

Daga Daura za mu tashi, kuma inda za mu babu kwalta babu tasha. Tambayarmu ita ce: shin zai yiwu wata rana a ɗaura igiya daga doron ƙasa har sararin samaniya, mutum ya shiga wani ɗan ɗaki kamar yadda ake shiga lifta a dogon bene, a ja shi sama ba tare da roka ba? Na san wani zai ce yau kuma tatsuniya aka zo mana da ita. To, tun 1895 masana lissafi da injiniyoyi ke kai-kawo a kan wannan magana, kuma lissafin ya tsaya daram. Abu ɗaya ne ya hana aikin, abin da kowace mai ɗibar ruwa a ƙauyukan Zango da Baure ta sani: igiya.

Kafin mu yi nisa bari in cire wani shakku, don na san akwai wanda tuni ya tuna da ginin da Fir'auna ya sa Hamana ya yi masa. Saman da muke magana a kai a nan ba sammai bakwai ba ne. Wuri ne da tuni ɗan'adam ya cika shi da na'urori, can inda taurarin da ke kawo mana tashoshin talabijin suke zaune. Maganar sufuri ce zalla, yadda za a kai kaya wurin a kan farashi mai sauƙi.

Mu fara da abin da zai ba ku mamaki. Sararin samaniya ba shi da nisa. Iyakar da aka fi amfani da ita ita ce kilomita 100 daga doron ƙasa. Daga Daura zuwa Kano ya fi haka. Da a ce mota na tafiya a miƙe zuwa sama, da direban da ya tashi daga tashar Daura da hantsi ya isa kafin azahar, har ya tsaya ya sha shayi. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda 'yan sama jannati ke kwana a ciki, tana kimanin kilomita 400 ne kawai a samanmu.

To ina wahalar take? Wahalar tana wajen zama a can. In ka hau kilomita 100 ka saki jiki, faɗowa za ka yi kamar mangwaro. Ɗauki dutse ka jefa gaba, zai faɗi kusa. Ƙara ƙarfi, zai faɗi nesa. In ka iya jefa shi da gudun da kafin ya faɗo ƙasar ta lanƙwashe ta kauce masa, tunda duniya dunƙulalliya ce, to zai yi ta faɗuwa yana kewaya ta ba tare da ya taɓa ta ba. Wannan shi ne shiga falaki. Gudun da ake buƙata kusa da duniya shi ne kimanin kilomita 28,000 a awa guda. Daura zuwa Kano cikin ƙasa da sakan 20 ke nan. Duk ƙarar da roka ke yi, da wutar da take fesowa, wannan gudun take nema.

Don ku gane ciwon kan roka, ku tuna da ayarin gishiri. Kowace kaka Abzinawa kan kora raƙuma daga duwatsun Abzin su ratsa hamadar Tenere zuwa Fashi da Bilma, su ɗauko kantun gishiri da dabino, sannan su gangaro ƙasar Hausa su sayar su sayi gero. A tsakiyar Tenere babu ciyawa ko ta rantsuwa. Saboda haka raƙumi sai ya ɗauki abincin da zai ci a bayansa, har a riƙa ajiye wasu dammuna a hanya saboda dawowa. Madugu ya san lissafin: duk kwanan da ka ƙara a tafiya sai ka ƙara ciyawa, duk ciyawar da ka ƙara ta cinye wurin kaya.

Haka roka take. Babu gidan mai a hanya, don haka sai ta ɗauki manta, sannan ta ɗauki wani man da zai ɗaga wancan man. Kusan kashi 90 cikin 100 na nauyin roka a lokacin tashi mai ne. Rokar Saturn V da ta kai Amurkawa duniyar wata a watan Yulin 1969 nauyinta ya kai kimanin tan 2,900, kusan lodin tirela 100 na siminti. Abin da ya dawo gida da mutum uku a ciki bai kai tan 6 ba. Shi ya sa abin ke da tsada. Wani bincike na hukumar NASA a 2018 ya nuna cewa kai kilo ɗaya falaki da tsohon kumbon Amurka mai fukafukai yana cin kimanin dala 54,500, rokar Falcon 9 ta kamfanin SpaceX kuma ta sauko da shi zuwa wajen dala 2,700. An samu sauƙi sosai, amma har yanzu ayari ne, raƙumin ne dai ya ƙara lafiya.

Mutumin da ya fara rubuta wannan lissafi na roka a 1903 wani malamin makaranta ne a garin Kaluga na ƙasar Rasha, Konstantin Tsiyolkofski. Zazzaɓi ya taɓa masa ji tun yana yaro, kusan duk iliminsa shi ya koya wa kansa daga littattafai. Kuma shi ɗin dai, shekara takwas kafin nan, a 1895, ya fara tunanin wata hanyar. An gama Hasumiyar Eiffel a birnin Faris a 1889, tsawonta kimanin mita 300, duniya na ta maganarta. Sai malamin nan ya ce, to in aka ci gaba da ginin fa? Ya lissafa ya ga cewa yayin da kake hawa nauyinka zai riƙa raguwa, har ka kai wani tsayi inda za ka saki abu daga hannunka ya tsaya cak bai faɗo ba.

Wannan tsayin kuna hulɗa da shi kullum ba ku sani ba. Ku dubi farantan satalayit da ke kan rufin gidaje a Daura ko Mai'adua. Tun ranar da mai gyara ya saita su ba su ƙara motsi ba, kuma babu wanda ke kallon arewa a cikinsu. Dalili shi ne tauraron da suke kallo yana kilomita 35,786 a saman ikweta, wato layin nan da ya raba duniya gida biyu, wanda yake kudu da mu. A wannan tsayin tauraro na gama kewaya duniya a daidai lokacin da ita ma ta gama juyawa sau ɗaya. Suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, sai ka ga kamar an kafe shi da ƙusa. Marubucin nan ɗan Ingila, Arthur C. Clarke, shi ya yayata amfanin wurin ga sadarwa a 1945, aka kai tauraro na farko can a 1964.

Matsalar hasumiyar Tsiyolkofski a fili take. Duk magini ya san in gini ya yi tsawo ƙasansa ke ɗaukar nauyin samansa. Babu dutse ko ƙarfen da zai ɗauki gini mai tsawon da ya kusa kai kewayen duniya gaba ɗaya. Maganar ta kwanta shekara 65.

Ranar 31 ga Yulin 1960, wata biyu kafin Najeriya ta samu 'yancin kai, wata jaridar matasa ta Tarayyar Sobiyet mai suna Komsomolskaya Pravda ta buga rubutun wani matashin injiniya daga Leningrad, Yuri Artsutanof. Shi sai ya kifar da tunanin. Ya ce a daina gini daga ƙasa. A je can sama inda tauraro ke tsaye, a zuro igiya ƙasa kamar yadda ake zura guga a rijiya, a kuma miƙa wata igiyar can gaba da nauyi a ƙarshenta don ta riƙe ta farkon. Taken rubutun nasa ma yana maganar zuwa sararin samaniya a jirgin ƙasa mai lantarki ne. Ku riƙe maganar jirgin ƙasan nan, za mu dawo kanta.

Me zai hana igiyar faɗowa? Duk wanda ya taɓa korar tsuntsaye a gonar gero da majaujawa ya san amsar. Muddin kana juya hannunka, dutsen na neman gudu waje, igiyar kuma tana miƙe ƙam. A nan duniya ce hannun, tana juyawa sau ɗaya a yini da dare. Ɓangaren igiyar da ke ƙasa da kilomita 35,786 ƙasa ke janyo shi, ɓangaren da ke sama da nan kuma juyawa ke fizgar shi waje. In na saman ya ɗan rinjaya, igiya ta tsaya a miƙe. Sai a maƙala mata keke mai aiki da lantarki ya riƙa hawa da kaya. Ba ya ɗaukar mai, kuma gudun da ake buƙata don zama a falaki juyawar duniya ce ke ba shi kyauta yayin da yake hawa.

Da yake lokacin yaƙin cacar baka ne, Turawan yamma ba su ga rubutun Artsutanof ba. A 1966 wasu Amurkawa huɗu masu nazarin teku, ƙarƙashin John Isaacs, suka sake gano dabarar suka buga a mujallar Science. Ba abin mamaki ba ne da ta fito daga wajensu, mutane ne da aikinsu ke nan zura dogayen wayoyi cikin zurfin teku. A 1975 wani injiniyan rundunar sojin saman Amurka, Jerome Pearson, ya sake gano ta karo na uku, shi ma bai san da na baya ba, ya yi cikakken lissafi da igiya mai tsawon kilomita 144,000. A 1979 Clarke ya fitar da ƙagaggen labarinsa The Fountains of Paradise a kan gina irin wannan lifta, daga nan ne maganar ta shiga bakin duniya. Mutane daban-daban, a ƙasashe daban-daban, lissafi ya kai su wuri guda.

To me ya hana? Hausawa na cewa rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. A nan igiyar gugan ce ta hana.

Wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya mai zurfi, irin wadda sai an ɗaura wa sa ko raƙumi, ya san ba gugan kaɗai ke da nauyi ba. Igiyar kanta kaya ce. In rijiya ta yi ta ƙara zurfi, za a kai inda igiya za ta tsinke saboda nauyin kanta ko ba a ɗaura mata guga ba. Kuma ƙara mata kauri ba ya magani, don in ka ninka kaurin ka ninka nauyin. Kowane abu da iyakarsa. Wayar ƙarfe mai kyau ba ta kai kilomita 50 za ta tsinke. Zaren Kevlar, wanda ake saƙa rigar sulke da shi, yakan kai wajen kilomita 250. Liftar sama fa? Da yake janyowar ƙasa na raguwa in ana hawa, ba a buƙatar abin da zai jure kilomita 36,000 cur. Abin da ake nema shi ne wanda zai jure kimanin kilomita 5,000. Ku kwatanta 250 da 5,000.

Akwai dabara guda da Artsutanof da Pearson suka kawo: a yi igiyar siririya a ƙasa, ta riƙa kauri har zuwa tsakiya inda ja ya fi yawa. Dabarar na aiki, amma in da ƙarfe za a yi, igiyar da ta fara da kaurin zaren ɗinki a ƙasa, kafin ta kai tsakiya kaurinta ya wuce faɗin duniya nesa ba kusa ba. Ka ga an koma gidan jiya.

A 1991 sai wani masani ɗan Japan, Sumio Iijima, ya bayyana wasu ƙananan bututu na sinadarin kabon, sinadarin nan da ke cikin gawayi da bakin fensir. Siraran gaske ne, sai ka jera dubbai kafin su kai kaurin gashin kai guda, amma a ƙarfi sun ninka ƙarfe sau da yawa, ga su ba nauyi. A karon farko aka ga abin da a lissafi zai iya. A 2004 kuma Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchesta suka ɓanɓaro girafin, wato shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, da salatif suka yi aikin, ya kai su ga lambar Nobel a 2010.

Daga nan abin ya tashi daga hira ya koma tsari. Tsakanin 2000 da 2003 wani sashe na NASA ya ɗauki nauyin binciken Bradley Edwards, wanda ya zana lifta mai tsawon kilomita 100,000. Tasa igiyar kamar ƙyalle take, faɗinta wajen mita ɗaya, ba ta kai takarda kauri ba. Za a ɗaure ta a wani dandali mai shawagi a tekun Fasifik yamma da ƙasar Ekwado, inda tsawa da guguwa ba su da yawa, a riƙa harba wa keken haske mai ƙarfi na leza daga ƙasa yana mayar da shi lantarki. A Nuwamban 2009 wani ƙaramin kamfani mai suna LaserMotive ya ci kyautar dala 900,000 ta NASA bayan kekensa ya hau wayar da aka rataya a jikin jirgi mai saukar ungulu, kusan kilomita ɗaya, da hasken leza kaɗai. A 2012 kamfanin gine-gine na Obayashi a Japan ya ce yana son gina tasa zuwa 2050: igiya kilomita 96,000, keke mai ɗaukar mutum 30, gudun kilomita 200 a awa, tafiyar kwana bakwai da 'yan awoyi kafin a isa tashar sama.

Amma fa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Bututun kabon mafi tsawo da aka yi ta magana a kai, wanda masana Jami'ar Tsinghua ta ƙasar Sin suka samar a 2013, rabin mita ne da ɗan ɗori. Ana neman dubban kilomita, an samu abin da bai kai tsawon sandar makiyayi ba. In kuma aka tufka gajeru aka yi zare, ƙarfin sai ya zube, don suna zamewa a jikin juna. A 2016 wasu masu bincike a Hong Kong suka nuna cewa ƙwayar zarra ɗaya tak in ta zauna ba daidai ba, tana iya rage ƙarfin bututun da fiye da rabi.

Ko an samu igiyar, da sauran rina a kaba. A Fabrairun 1996 Amurka da Italiya sun gwada zura tauraro daga kumbon Columbia da waya mai tsawon kilomita 20. Saura ƙiris a gama warware ta, lantarki ya ƙone ta ta tsinke, tauraron ya yi gaba. Wannan kilomita 20 ke nan. Ita kuwa liftar za ta tsaya ne a hanyar dubban taurari da tarkacen tsofaffin rokoki masu gudun da ya fi na harsashi, ciki har da taurarin Starlink da suka fara ba da intanet a Najeriya a farkon 2023. Ga tsawa a ƙasa, ga wani yanki mai tururin da ke cutar da jikin mutum a tsakiya, wanda roka ke ratsawa cikin 'yan awoyi amma keken lifta zai yi kwanaki a ciki. Wani abin sha'awa shi ne a duniyar wata, inda janyowa ba ta da ƙarfi, zaren da ake da su a kasuwa yau za su iya. Ba mamaki a can za a fara.

Yanzu mu dawo gida. Wani zai ce, mu da muke fama da wutar lantarki da kuɗin taki, ina ruwanmu? Ku ba ni minti biyu in ba ku tarihin jirgin ƙasa.

Daura tana kan hanyar da ta haɗa Kano da Damagaram, hanyar fatake tun kaka da kakanni. A 1911 layin dogo ya iso Kano, a 1912 aka buɗe shi har Legas. Cikin 'yan shekaru kasuwancin ƙasar Hausa ya juya baya ga hamada ya fuskanci teku. Abin da ayari ke kwashe watanni yana ɗauka, jirgi ya ɗauke shi cikin kwanaki. Gyaɗa ta zama kuɗi, aka tara dalar gyaɗa a Kano, irin su Alhassan Ɗantata suka yi suna. Aka ja reshe zuwa Ƙauran Namoda a 1929, aka ja wani zuwa Nguru a 1930, garuruwan da ke bakin dogo suka cika suka batse. Daura, uwar Hausa Bakwai, dogo bai bi ta kanta ba. Katsina ma haka. Ba wanda ya kawo mata yaƙi, ba wanda ya rushe mata ganuwa, hanya ce kawai aka shimfiɗa ta wani wuri. Kuma wanda ya shimfiɗa ta shi ya zaɓi inda za ta nufa: bakin teku, inda jiragen ruwansa ke jira.

Sai bayan shekara 110, a Fabrairun 2021, aka ƙaddamar da aikin dogon Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. Shekara 110 ana jira. Wannan shi ne farashin rashin zama a wurin ranar da ake zana hanya.

Roka ayari ce, lifta dogo ce. In har aka gina ta, masu tsarin suna hasashen kuɗin kai kilo ɗaya zai sauko zuwa 'yan ɗaruruwan daloli, kuma duk wanda ke riƙe da gindin igiyar shi ke riƙe da ƙofa. Mu kuwa a yau ko raƙumin ba mu da shi. An kafa hukumar sararin samaniya ta Najeriya a 1999. Tauraronmu na farko, NigeriaSat-1, a Ingila aka ƙera shi, daga Rasha aka harba shi a Satumban 2003. Na sadarwa, NigComSat-1, daga ƙasar Sin ya tashi a Mayun 2007, ya je can kilomita 35,786 ɗin nan, a Nuwamban 2008 fukafukansa masu karɓar hasken rana suka samu matsala ya mutu. Da mota ce da an kira bakanike. Amma wurin da babu hanya, wa zai je? Sai da aka jira har Disamban 2011 aka harba madadinsa, wanda aka ƙera don aikin shekara 15.

A ina za a kafa gindin igiyar? Dole a kan ikweta ko dab da shi. Daura tana wajen digiri 13 arewa da layin, don haka ba za a kafa ta a Daura ba, kada wani ya fara sayen fili. Amma layin ya ratsa Afirka: Gabon, Kwango biyu, Yuganda, Kenya, Somaliya, ya kuma bi ta cikin tekun da ke kudu da Najeriya. Turawa sun daɗe da sanin darajar wurin. Italiya ta yi ta harba taurari daga wani dandali a tekun Kenya kusa da Malindi daga 1967 zuwa 1988, Faransa kuma har yau daga Kuru take harbawa, a Kudancin Amurka kusa da layin.

Ƙasashen da ke kan layin ma sun taɓa yunƙurawa. A Disamban 1976 takwas daga cikinsu suka haɗu a Bogota babban birnin Kolombiya, har da Kenya da Yuganda da Kwango da Zayar, suka ce yankin falakin da ke saman ƙasashensu arzikinsu ne kamar man fetur ko zinariya. Manyan ƙasashe suka ce a'a, yarjejeniyar 1967 ta hana kowa mallakar sararin samaniya. Maganar ta mutu a nan. A takarda wurin na kowa ne. A aikace na wanda ya iya zuwa ne.

Mutanen Daura ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Labarin da aka gada game da rijiyar Kusugu, wadda har yau take nan ana zuwa kallo, ya ce ruwa na nan a cikinta, amma maciji ya hana ɗiba sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi. Masana tarihi na da ra'ayoyi daban-daban a kan labarin, wannan hirar wata rana ce. Abin lura shi ne yadda kakanninmu suka ɗora asalin sarauta a kan tambaya guda: wa ke da ikon zura guga, kuma yaushe? Garin da ke da rijiya amma sai an ba shi rana, bai gama mallakar rijiyarsa ba.

Ni a nawa ganin, da wuya mu da ke wannan hira mu ga liftar da idonmu, kuma duk wanda ya ba ku shekara takamaimai ku riƙe maganarsa da hannu biyu-biyu. Amma abin da ya rage a warware ba sirri ba ne da aka kulle a wani ɗaki. Ilimin kayan ƙira ne: yadda za a samu zare mai ƙarfi, marar nauyi, mai tsawo. Kuma duk matakin da aka ci a hanyar yana da amfani tun yau, a gada, a wayar lantarki, a batir, a jikin jirgi. A Disamban 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri a Daura, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina, aka sa hannu a dokar kafa ta a 2023. An kafa ta ne don a samu 'yan ƙasa da za su iya gina dogo su kula da shi. Ɗalibin da ke zaune a ajin nan yana koyon yadda ƙarfe ke gajiya, da yadda waya ke ɗaukar nauyi, darasin da Artsutanof ya fara da shi ke nan. Shi ma ɗalibi ne a Leningrad lokacin da tunanin ya zo masa, Tsiyolkofski kuwa malamin makaranta ne a garin da ba a san shi ba.

Saboda haka ƙanina da ke aji biyar na sakandare kana tunanin lissafi da fiziks wahalar banza ce, da ke ƙanwata da aka ce miki injiniyanci na maza ne, ku sake tunani. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, gaskiya ne, amma wannan aikin har yanzu ba wanda ya gama shi. A zamanin dogo an zana hanya ba mu a wurin. Wannan karon tun ba a tufka igiyar ba muka ji labari.

Ku faɗa mana ra'ayinku: in aka ce yau ga liftar nan, kwana bakwai a hanya, za ku hau ko sai kun ga wanda ya je ya dawo? Ku tura wa wani ɗalibi da kuka san zai amfana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.